Ƙasa tana yaƙi: me ɗan jarida zai riƙe, me zai faɗa, wa zai tuhume shi?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Gardama ta ƙi ƙarewa a fadarmu. Wasu na cewa tunda sojojinmu na bakin daga, ɗan jarida da ɗan siyasa su ja bakinsu, duk mai sukar matakin gwamnati yanzu abokan gaba yake taimako. Wasu na cewa a cikin shirun nan ne ɓarna ke samun maɓoya. Kai da ka daɗe a aikin rediyo, ina gaskiya take? Kuma idan ɗan jaridar ne ya yi ƙarya, wa ke kama shi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, a gaida mutanen fada. Masu cewa a yi shiru suna da hujja a kan abu ɗaya, sai dai abin bai kai faɗin wanda suke son a rufe da shi ba.

Akwai labarin da bai halatta a watsa ba lokacin yaƙi, ko da ka tabbatar da shi. Idan motocin soja suka fita daga Maraɗi da asuba suka nufi wajen Gabi, ka gan su da idonka har ka ƙirga su, ba ka da hurumin hawa rediyo ko WhatsApp ka ce mota kaza ce, ta bi hanya kaza. Haka wurin da aka girke jami'ai, da irin makaman da ke hannunsu, da sunan mutumin ƙauyen da ya tsegunta maɓoyar ɓarayi, da cinikin kuɗin fansa alhali mutum yana hannu. Abin da ya haɗa su shi ne na cikin daji zai iya amfani da su gobe ya kashe wani. Editan da ya san aikinsa yana riƙe irin wannan ba sai gwamna ko perefe ya kira shi ba.

Abin da ya riga ya faru kuwa daban ne. An kai hari jiya, an kashe mutum kaza, an kora shanu, jami'an tsaro sun iso bayan an gama. Maharin ya sani, shi ya yi aikin. Mutanen garin sun sani, su suka yi jana'iza. Idan aka hana faɗinsa, mutum biyu kaɗai aka ɓoye wa: ɗan ƙasa mai biyan haraji, da babban da ke zaune a Yamai wanda na ƙasa da shi ba sa son ya ji. Shi ya sa nake ce wa yaran da ke zuwa koyon aiki su tambayi kansu wa labarin zai cuta. Idan soja ne a fagen daga ko talaka a ƙauye, a riƙe shi. Idan kujerar wani ce ko fuskarsa, wannan ba tsaron ƙasa ba ne, ko da an kira shi haka.

Bari in nuna maka yadda abin yake a ɗakin labarai. A ce da safe saƙon murya ya shigo, namiji ne yana haki, yana cewa an shiga wani ƙauye ta wajen Madarunfa, an kashe mutum talatin, an tafi da mata. Kafin ka gama saurare an turo maka shi daga guruf uku, har da hoton gawarwaki a jere. Ka fara da hoton. Sau da yawa idan ka duba kakin jami'in da ke tsaye a gefe, ko lambar motar da ta fito a baya, sai ka ga na Zamfara ne, ko kuma na bara. Sannan ka kira mai gari ko wani nasa, ka kira manjon likitar da aka kai masu rauni, ka kira magajin gari, ka kira jandarmomi. Mai gari ya ce gawa huɗu aka yi wa salla, manjo ya ce mutum shida aka kawo masa, hukuma ta ce a jira sanarwa. Talatin ta koma huɗu, amma matan da aka tafi da su gaskiya ne. Abin da za ka karanta a labaran rana shi ne wanda mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka tabbatar, ka kuma faɗa a fili cewa an nemi hukuma ba ta ce komai ba tukuna. To yanzu a ce an hana gidan rediyon faɗin komai. Saƙon muryar nan ba zai tsaya ba. Shi kaɗai zai rage a gari, da talatin ɗinsa da hotonsa na Zamfara.

Kuma Maraɗi ba garin da za a toshe wa kunne ba ne. Direbobin hanyar Ɗan Isa da Jibiya suna shigo da labari tare da kaya, dangi suna Katsina da Kano, tun 2019 ga dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina a yankin Gidan Rumji, kowa da wayarsa. A Satumban 2021 Najeriya ta katse layukan waya a duk jihar Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Na bakin iyaka, masu gaskiya da ɓarayi duka, sai suka koma neman layin Nijar, talakan da ke can ciki kuma ya rasa yadda zai kira a kawo masa ɗauki.

Batun adadin waɗanda suka rasu shi ya fi tada jijiyar wuya, kuma tarihinmu na kusa yana da abin dubawa. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kai hari barikin Inates, gwamnati da kanta ta sanar da sojoji 71. Ranar 9 ga Janairu 2020 sai Shinagodar, aka sanar da 89. Ƙasa ba ta rushe ba don an faɗa. An yi makoki, mutane sun yi fushi, kuma cikin 'yan kwanaki aka canza babban hafsan soja. Gwada wannan da abin da ya faru a Najeriya a Afrilun 2014: bayan sace 'yan matan Chibok 276, hedikwatar tsaro ta fito ta ce an kuɓutar da su saura takwas, shugabar makarantar da iyaye suka ƙaryata, dole aka janye maganar. Daga ranar, ko gaskiya kakakin ya faɗa sai an yi shakka, kuma wannan asara ce ga sojan kansa, domin ranar da zai ce wa mutane su tashi daga wuri kaza akwai haɗari, yana bukatar a yarda da shi. Mu nan mun san irinta ba a yaƙi ba ma. A 2005 hotunan yara masu tamowa daga garin nan ne suka tada duniya, shugaba Tanja kuma ya tsaya a kan babu yunwa. A 2008 aka dakatar da aikin likitocin MSF na Faransa a Maraɗi. Mutuncin ƙasa aka ce ana karewa, yaran kuwa ba su daina zuwa asibiti a goye ba.

Inda na fi saɓa wa mutanenka na farko shi ne batun kuɗi. Lokacin yaƙi ne ake kashe kuɗi mafi yawa cikin gaggawa mafi yawa, kuma a nan ne kalmar sirrin tsaro ta fi daɗi a bakin ɗan kwangila. A farkon 2020, cikin watannin da ake makokin Inates da Shinagodar, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito da maganar kusan miliyar 76 na sefa, tsakanin kayan da aka ninka wa farashi da waɗanda aka biya ba a kawo ba. Ka tsaya ka yi tunanin yaron da ke bakin daga yana jiran kayan da aka riga aka ci kuɗinsu. Wa ya ci amanarsa, wanda ya ci kuɗin ko wanda ya buga labarin? Amma 'yar jarida Samira Sabu ce ta shiga gidan kaso a Yunin shekarar a kan rubutun da ta yi game da batun, bayan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya kai ƙararta, sai ƙarshen Yuli kotu ta sallame ta. Masu zanga-zangar 15 ga Maris a Yamai kan wannan badaƙala su ma an kulle shugabanninsu. Najeriya ta ga nata a 2015, da maganar dala biliyan 2.1 na sayen makaman yaƙi da Boko Haram.

Ƙasashen da ake ganin sun iya yaƙi ba su kauda kai daga wannan ba. A Amurka, daga 1941 har cikin tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Harry Truman yana bin kwangilolin soja ɗaya bayan ɗaya, kuma shi ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa ne. Ba wanda ya ce ya goya wa Jamus baya, daga baya ma shi ya zama shugaba. Na kawo wannan ne saboda a Fabrairun 2024 an fitar da dokar da ta cire sayayyar kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati da aka saba. Na fahimci dalilin gaggawa, ba za ka jira wata shida kana tantance takardu ba alhali ana harbin mutanenka. Amma in an ɗage binciken kafin saye, to na bayan saye ya zama tilas, ko da a ɗaki rufe za a yi shi, a gaban mutanen da ba su da hannu a cinikin. Haka asusun tallafin ceto ƙasa da aka kafa a Oktoban 2023, wanda 'yan kasuwa da ma'aikata da talakawa suka zuba wa, ake kuma cirewa daga kuɗin waya. Wanda aka cire wa yana da haƙƙin ya ji nawa ya shiga, nawa ya fita, me aka saya. Idan zancen ƙasa ne, kamar yadda ake faɗa, to lissafin ma na 'yan ƙasa ne.

Sai 'yan siyasa. Ba zan kare su da yawa ba, na ga yadda suke. Laifi tudu ne, kuma kowace jam'iyya a ƙasar nan ta taka nata ta hango na wata. A 2007, lokacin tawayen ƙungiyar MNJ a arewacin ƙasar, gwamnatin Tanja da MNSD-Nasara ta ce babu tawaye, 'yan fashi ne da masu fataucin ƙwaya. Aka dakatar da jaridar Aïr Info ta Agadas, aka rufe RFI wata guda, aka kama Musa Kaka na rediyo Sarauniya a Satumba saboda yana magana da 'yan tawayen ta waya, ya haura shekara a tsare. A 2009 gwamnatin nan dai ta zauna da mutanen da ta kulle shi dominsu, har ta yi masu afuwa. PNDS-Tarayya tana adawa a lokacin. Da mulki ya zo hannunta, Isufu ya sa hannu a 2011 kan alƙawarin daina ɗaure 'yan jarida, amma a Mayun 2015 aka kama Musa Cangari na ƙungiyoyin farar hula bayan ya soki yadda aka kwashe mutane daga tsibiran tafkin Chadi. Majalisar da PNDS ke da rinjaye a cikinta ce ta yi dokar laifukan intanet ta 2019. Bazum ya cire ɗaurin ɓata suna daga cikinta a 2022, hukumomin soja suka mayar da shi a Yunin 2024. Yau magoya bayan waɗanda suka rubuta dokar suna cikin masu tsoronta.

Duk da haka, kada halin 'yan siyasa ya sa ka raina gardamar kanta. Ranar 22 ga Afrilu 2022 majalisar dokoki ta jefa ƙuri'a kan girke sojojin waje a ƙasar nan: 131 suka amince, 31 suka ƙi. A lokacin masu cewa sojojin Faransa su fita su ne 'yan tsiraru a majalisa, su ake hana wa zanga-zanga, jagoran ƙungiyar farar hula ta M62 Abdullahi Seydu ma ya shiga kaso a Janairun 2023 bayan maganar da ya yi kan farmakin da sojoji suka kai Tamu. Kafin ƙarshen Disamban 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar, ra'ayin 'yan tsirarun jiya ya zama manufar ƙasa. Ka tambayi abokanka masu cewa a yi shiru: da a 2022 aka bi shawararsu, aka ce ƙasa tana yaƙi kowa ya kama bakinsa, wa zai fara maganar da suke alfahari da ita yau?

Manufofin yaƙi abin gardama ne domin suna iya zama kuskure, kuma talaka ke biya. Dokar ta-ɓaci ta Difa a 2015 ta hana hawa babur da cinikin kifi da tattasai don a yanke wa Boko Haram kuɗi, ta kuma yanke wa dubban gidaje abinci, sai bayan shekaru aka sassauta. Sulhu da 'yan bindiga, gwamna Masari ya gwada shi a Katsina a 2016 da 2019, daga baya ya ce ba zai ƙara ba. Bazum ya faɗa da bakinsa a 2022 cewa ya saki wasu da ke tsare don buɗe ƙofar magana. Mutumin kirki zai iya goyon kowane ɗaya ko ya ƙi shi ba tare da ya zama maci amana ba. Ingila a Mayun 1940, ana tsakiyar shan kashi, majalisa ta yi kwana biyu tana caccakar firaminista Chamberlain, 'yan jam'iyyarsa a sahun gaba, shi ne Churchill ya hau. Mu kuwa an dakatar da jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka rusa su a Maris 2025. Rusa jam'iyya bai rusa saɓanin ra'ayi ba. Ya koma waya da bakin kasuwa, inda babu shugaban zama, kowa yana kiran ɗan'uwansa ɗan koren Faransa ko ɗan amshin shatan soja.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka, wanda abokan aikina ba sa son a daɗe a kai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wakilin da ya yi wata uku ba albashi ya je taron manema labarai, a ƙofar fita aka miƙa masa jika biyar kuɗin mai, kada ka yi tsammanin zai koma ya yi wa mai taron tambaya mai zafi. Gidaje da yawa na ɗan siyasa ne ko na ɗan kasuwa mai neman kwangila, kuma kana iya gane ranar da mai gidan ya sauya sheƙa daga labaran yamma. Mafi haɗari a wurina shi ne shirin kiran waya, inda mai gabatarwa zai bar wani ya ce ƙabila kaza ce ke kashe mu, ya yi dariya ya wuce. A yankin da manomi da makiyayi ke shan rijiya ɗaya, wannan jimla tana iya ƙone ruga. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran sunaye da wuraren ɓuya a 1994, kuma a 2003 kotun duniya ta Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi.

Ka lura kuma, babban zunubin jarida lokacin yaƙi ya fi zuwa ta hanyar bin gwamnati ido rufe, ba ta saɓa mata ba. Kafin mamaye Iraki a Maris 2003 manyan jaridun Amurka sun yi ta maimaita cewa Saddam yana da makaman ƙare dangi. Ba a same su ba. Sai a Mayun 2004 New York Times ta fito ta amsa cewa ba ta tsananta bincike ba, lokacin an riga an yi ɓarnar.

Gidajen waje su ma ba mala'iku ba ne. RFI ta gwamnatin Faransa ce, Muryar Amurka kuwa da ta fara Hausa a 1979, umarni ɗaya na Trump ya kashe muryarta a Maris 2025. Mai saurarensu da taka-tsantsan bai yi laifi ba. Amma rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, da dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024 kan rahoton harin yankin Tera da gwamnati ta ce ƙarya ne, ba su hana kowa ji ba, ga gajeren zango ga intanet. Idan adadin da aka bayar ƙarya ne, abin da ke kashe shi shi ne a fito da na gaskiya da wuri, a kira wakilin a ɗora masa hujja, a tilasta wa gidan ya gyara a gaban masu saurarensa.

Wannan gyaran shi ne matakin farko na kama ɗan jarida, kuma kai ma kana da hannu a ciki. Dokar 'yan jarida ta 2010, wadda aka yi zamanin Salu Jibo, ta cire ɗauri daga laifukan aikin jarida, ta kuma tanadi haƙƙin mayar da martani. Idan gidan rediyo ya faɗi abin da ba haka ba game da kai ko ƙauyenku, ka rubuta wa daraktan, ka sa rana da lokaci da sunan shirin da abin da aka faɗa, ka nemi a karanta amsarka a shirin da aka yi maganar, ba da tsakar dare ba. Yawancinmu muna jin nauyin takarda mai kwanan wata fiye da zagi a Facebook. In ya ƙi, akwai hukumar kula da sadarwa, akwai ONIMED da 'yan jarida suka kafa don su riƙa ja wa juna kunne, akwai kotu mai cin tara da biyan diyya. Shi ya sa ban ji daɗin dakatar da Gidan 'Yan Jarida na Yamai a Janairun 2024 ba: irin waɗannan wurare ne ake kiran ɗan jarida a ce masa ka yi ba daidai ba, ya ji kunya a gaban tsaransa. Ɗauri kuwa ba ya koya wa sauran tantance labari. Abin da suke koya shi ne gujewa batun gaba ɗaya, su cika lokacin da sanarwar biki da tallar magani.

Abu na ƙarshe ya shafe ka kai tsaye, tunda malami ne kai, ana turo maka ana kuma jin maganarka. Dokar intanet ɗin nan ba ta tambayar katin aikin jarida. Bayan gyaran Yunin 2024, yaɗa abin da aka ɗauka zai dagula zaman lafiyar jama'a yana iya kai mutum kaso shekara biyu zuwa biyar, ɓata suna ko zagi ta waya kuma shekara ɗaya zuwa uku, ban da tara. Wanda ya danna ya tura saƙon murya zuwa guruf ɗin unguwa yana cikin waɗanda take iya hawa kansu, daidai da wanda ya naɗe shi.